Si Munji da Baƙin Liyon

Shekara talatin da 'yan kai Si Munji ya yi a bayan kanta a birnin Liyon, can a ƙasar Turawa, yana sayar wa mutanen unguwa ɗaya burodi da kayan miya da gwangwanaye, kamar yadda mahaifinsa ya yi a Tunis, kamar yadda rabin mazan tsibirinsu na Jarba suka yi a wani garin. Da gwiwa ta fara yi masa tsiya sai ya sayar da kantin, ya tattaro ya dawo tsibiri, gidan kakanninsa na bayan garin Midun mai farin bango da itatuwan zaitun.

Watannin farko ya ji daɗinsa. Ya yi barci har ya gaji, ya zaga dangi, ya ci kifin da ya daɗe yana mafarki. Daga nan zaman ya fara yi masa yawa. Mutumin da ya saba yi wa ɗaruruwan mutane magana kafin azahar, yanzu ba shi da abokin hira sai matarsa Mabruka, ita kuwa tana da aikin gabanta. Sai ya shiga kicin ya fara jera mata kwalabe, na harisa, wato kwaɓaɓɓen yaji, a gaba, na zaitun a baya, kowace da fuskarta waje ɗaya.

"Si Munji, wa zai zo saye a nan?" in ji Mabruka. "Fita ka ba ni wuri, don Allah. Je ka gidan shayi ka dami abokinka Lazhar."

'Yarsu Ulfa tana aiki da ƙungiyar masu otal-otal na tsibirin. Damuwarsu ɗaya ce kowace shekara: da zafi ya wuce baƙi su watse, ɗakuna su zama kango, a sallami ma'aikata sai bazara. Shi ya sa aka ɗora wa Ulfa tallata filin golf, don a jawo Turawan da sanyin ƙasarsu ya hana su wasa. A ƙarshen kaka aka ce ta je baje kolin yawon buɗe ido a Liyon. Da ta faɗa a gida, Mabruka ba ta ko bari ta rufe baki ba.

"Tafi da babanki."

"Ummi, aiki fa zan je."

"Ni ma aiki nake so in yi. Tafi da shi ya ga tsohuwar unguwarsa, ni kuma in san inda gishirina yake."

Haka aka yi. Yarjejeniyar ita ce Si Munji zai yi yawonsa, Ulfa ta yi aikinta. Ranar farko ya cika alkawari. Ya je unguwar, ya tarar kantin ya zama wurin gyaran waya, ya tsaya yana kallo har wata tsohuwa ta gane shi ta ƙwala masa kira daga tsallaken titi. Kafin yamma ya sha kofi a gida huɗu. Rana ta biyu kuwa sai ga shi a zauren baje kolin, da jar hularsa, da kwalin dabino a hammata, da mutum shida a bayansa.

Rumfar Ulfa ƙarama ce, an matse ta tsakanin wasu manya guda biyu masu allunan hoto da kiɗa. Tun safe mutane ke wucewa, su karɓi takarda su yi gaba. Si Munji ya dubi wurin sau ɗaya, ya ajiye kwalin, ya fito bakin hanya ya tsaya. Jikinsa ya tuna da kansa. Wannan ya miƙa masa dabino, waccan ya tambaye ta jikokinta alhali bai taɓa ganinta ba. A bakinsa Jarba ta zama wurin da ba a taɓa yin hadari ba, ciyawar filin ta fi darduma laushi, kifi kuma da kansa yake tsallowa cikin kasko. Ulfa tana jin rabi tana kau da kai, don rumfar ta cika, ita ma ba ta da lokacin numfashi.

Cikin waɗanda suka biyo shi akwai Madam Odil, doguwar mace mai furfura wadda ta yi shekaru tana sayen kaya a kantinsa. Tun rasuwar mijinta take jagorantar wasu tsofaffi 'yan fansho da ke buga golf kowane mako. Ta ɗauki hoton filin ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago.

"Kai ma kana bugawa, Munji?"

A rayuwarsa Si Munji bai taɓa ce wa mai saye babu ba. In an tambaye shi abin da ba shi da shi, sai ya ce gobe zai iso, ya kwana yana nema. Bakinsa ya riga shi.

"Kowace safiya, Madam."

"To shi ke nan. Za mu zo a watan Janairu, amma da sharaɗi, da kai za mu buga ranar farko."

Suka tafa. Ulfa tana can tana fama da wani Bajamushe, ba ta ji komai ba. Sai bayan sun dawo da kusan mako biyu saƙo ya iso ofishinta: mutum goma sha huɗu, mako guda cur, da roƙon a sa sunan Si Munji a rukunin farko. Ta iso gida da rana tsaka, abin da ba ta saba ba, ta same shi yana ɓare rumman a tsakar gida.

"Baba, yaushe ka fara buga golf?"

Ya ci gaba da ɓara, bai ɗago ba. "Gobe."

Mabruka ta fito daga kicin da ludayi a hannu, aka maimaita mata labarin, ta zauna a bakin rijiya ta yi dariya har da hawaye. Ulfa kuwa ba ta ga abin dariya ba. Wannan ne rukuni mafi girma da ta samo, shugabanta ya riga ya ce zai zo da mai ɗaukar hoto a ranar, don a samu na tallan baɗi.

"Ka rubuta mata ka faɗa mata gaskiya, Baba."

"In ta fasa zuwa fa? Mutum goma sha huɗu, 'yata. Bari dai. Wasan da ake yi da sanda da ƙwallon da ba ya ko motsi, me zai gagara a ciki?"

Washegari ya je wurin Lazhar. Tare suka yi makarantar firamare, tare suke karta a gidan shayi tun dawowarsa. Lazhar bai taɓa barin tsibirin ba. Ya fara da ɗaukar wa baƙi jakar sanduna tun lokacin da aka buɗe filin, ya koyi wasan da ido, har ya zama mai koyarwa. Shekara guda ke nan Si Munji yana kiransa makiyayin ciyawa, yana cewa ruwan da ake zuba wa filin nan da zaitun aka ba da an ga amfani, Lazhar yana ce masa ruwan wankan otal ne aka tace, in yana so a kai masa ya sha. Saboda haka da Lazhar ya gama jin abin da ya kawo shi, sai ya gyara zama, ya kira mai shayi ya ce a ƙaro, Si Munji ne zai biya.

"Maimaita, ɗan kanti. Kunnena na hagu ba ya ji sosai. Me kake so makiyayin ciyawa ya yi maka?"

"Ka ji ni sarai."

"Wallahi daɗin maganar ne ya sa nake so in sake ji."

Suka fara da sassafe, kafin baƙi su fito, a can gefen da ake gwaji. Lazhar ya ba shi aron tsofaffin sanduna da takalmin wani baƙo da ya manta. Ya nuna masa riƙo, ya nuna masa tsayuwa, ya ajiye ƙwallo. Si Munji ya ɗaga sanda ya kawo duka da ƙarfinsa duka. Iska ta yi ƙara, shi ya juya kamar ƙofa, ƙwallon yana nan inda yake ko gezau.

"Ba maciji ba ne," in ji Lazhar. "Ba kashe shi za ka yi ba."

Ya sake. Wannan karon ya tono ciyawa mai faɗin burodi ta tashi ta fi ƙwallon nisa. Lazhar ya sa shi ya je ya ɗauko ya mayar ya taka. Mako na farko tafin hannunsa ya yi bororo, bayansa ya riƙe, Mabruka tana shafa masa man zaitun da yamma tana tambayarsa ko yau an samu an taɓa ƙwallon. In ya taɓa ɗin ma ba a san inda za shi ba. Ɗaya ya bugi gindin dabino ya dawo ya wuce ta gefen kunnen Lazhar. Ɗaya ya tsallake shinge ya faɗa kusa da wani mai raƙumi da ke jiran 'yan yawon buɗe ido, mutumin ya ɗauka ya sa aljihu ya ɗaga musu hannu.

Sai wata safiya, lokacin da ya riga ya gaji har ya daina ƙoƙari, ya saki hannu kawai. Ya ji wata 'yar ƙara, tas, mai tsabta, ba ta ko girgiza masa hannu ba. Ƙwallon ya tashi fari a kan shuɗin sama, ya yi ta tafiya, ya sauka can nesa ya gangara. Si Munji ya tsaya baki buɗe.

"Ka gani? Lazhar, ka gani?"

"Na gani. Sake yi."

Bai sake yi ba ranar, bai yi washegari ba ma. Amma abin ya riga ya shige shi. Ya fara tashi kafin Mabruka ta tashe shi. Ya lura yana son tafiyar kanta, raɓa a kan takalmi, ƙamshin teku daga bayan tudun yashi, tsuntsayen da ke kiwo a bakin tafki ba su damu da kowa ba. Gwiwar ma ta rage ƙorafi. Sai dai in ya tuna Janairu sai daɗin ya ragu, don Lazhar bai ɓoye masa ba.

"Nan da shekara biyu za ka zama mai wasa marar kyau. Yanzu ba ka kai nan ba tukuna."

Baƙin suka sauka ranar wata Asabar, suna ta cire rigunan sanyi tun a filin jirgi suna ɗaga fuska ga rana. Si Munji ya je tarbarsu da niyyar ya ja Madam Odil gefe ya yi mata bayani. Amma ta rungume shi, ta gabatar da shi ga sauran a matsayin mutumin da ya san kowace ciyawa a filin, wani ƙaton tsoho mai suna Fernan ya kama hannunsa ya ce ya ji labari, kada dai a yi musu kaca-kaca a gaban matansu. Si Munji ya yi murmushi ya ce Allah ya kai mu.

Ranar wasan aka tashi da iska daga teku, irin mai kaɗa ganyen dabino gefe ɗaya. Kowa ya hallara a wurin bugun farko: baƙi goma sha huɗu da fararen huluna, shugaban Ulfa da kwat, mai hoto ya durƙusa yana saiti, Ulfa a gefe ta harɗe hannu. Lazhar ya ce shi zai riƙe wa abokinsa jaka, abin da ya daina yi wa kowa tun da daɗewa. Fernan ya buga, ƙwallonsa ya tafi sak. Madam Odil ta buga nata, gajere amma a tsakiya. Aka juyo ana kallon Si Munji.

Ya soka wani ɗan tsinke a ƙasa, ya ɗora ƙwallo a kansa, ya yi bisimilla a ransa. Ya ɗaga, ya kawo. Iska kawai ya sara.

Wani ya yi tari.

"Gwaji ne," in ji Lazhar da ƙarfi, da Faransanci, fuskarsa ba alamar wasa. "Kullum haka yake farawa."

Si Munji ya sake tsayawa. Wannan karon ya samu ƙwallon da bakin sanda, ya tafi a ƙasa kamar ɓera, ya shige ƙarƙashin motar ɗaukar 'yan wasa ya tsaya a can. Mai hoto ya sauke kyamararsa a hankali. Ulfa ta rufe ido.

Sai Si Munji ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya juyo ga Madam Odil.

"Madam, maganar kowace safiya gaskiya ce. Sai dai safiyar ta fara ne bayan na dawo daga Liyon."

Fernan ne ya fara. Dariyar ta taso masa daga ciki har ya dafa sandarsa don kada ya faɗi, sauran suka kama. Madam Odil ta jira suka lafa, tana share ido da bayan hannu.

"Munji, shekara nawa ina sayen kankana a wurinka? In ka ce ta fi zuma, na san dai za ta ciwu. Tun a can na ga yadda ka riƙe sandar golf ɗin da ke jikin rumfar 'yarka, kamar za ka share ƙofar kanti. Mu rana muka zo nema, kuma muna so mu ga garin nan da ka cika mana kunne da shi. Je ka zaro ƙwallonka mu tafi, akwai mutane a bayanmu."

Lazhar ya kwanta ya zaro ƙwallon da sanda yana gunaguni da Larabci, irin maganar da ba a fassara wa baƙi. Aka kama hanya.

Wasan Si Munji bai gyaru ba don an yafe masa. Ya jefa ƙwallo biyu a tafki, ya shiga ramin yashi ya yi ta haƙa har Fernan ya ce ko a kawo masa shebur. Amma tunda nauyin ya sauka daga kansa, bakinsa ya buɗe. Tsakanin ramin da ake zura ƙwallo da na gaba ya nuna musu inda hanyar jakuna ta bi kafin a yi filin, ya gaya musu wace iska ce ke kawo ruwa, ya yi wa Fernan ciniki a kan hularsa har mutumin ya kusa sayarwa. Madam Odil ta gyara masa tsayuwa sau biyu, Lazhar ya ce ai shi ma abin da yake faɗa ke nan tun ranar farko, amma da yake daga bakinsa ya fito ba a ji ba. Rukunin da ke bayansu suka fara ƙorafin cewa duk hirar tana gaba, a sauya musu gobe.

A wani rami can wajen ƙarshe, mai fuskantar teku, ƙarar nan ta sake zuwa, tas. Ƙwallon ya hau iska ya lanƙwasa ya sauka dab da tutar ramin. Si Munji ya juya da sauri don ya ga wa ya gani. Madam Odil tana neman nata ƙwallon a cikin ciyawa, Fernan ya ba da baya yana kunna sigari, mai hoto kuwa tuni ya koma cin abinci. Lazhar kaɗai ke tsaye.

"Za ka ba da shaida?"

"Ya danganta da wanda zai biya shayin yamma."

Ranar Laraba aka kawo su gida cin abincin rana. Ba ya cikin tsarin Ulfa, Si Munji ne ya gayyace su a tsakiyar fili ba tare da ya tambayi kowa ba, Mabruka kuma ta yi faɗan da za ta yi sannan ta aika aka kira ƙannenta biyu. Tun safe ya je kasuwar Humt Suk ya tsaya a gwanjon kifi har ya samu abin da yake so. Aka turara shinkafar Jarba da ganye da hanta, aka soya birik, wani irin samosa mai ƙwai a ciki, aka shimfiɗa tabarmi a inuwar zaitun, masu ciwon gwiwa aka fito musu da kujeru. Fernan ya ɗebi harisa da cokali kamar miya duk da an gargaɗe shi, ya yi ja har kunne, ya sha ruwa ya ƙara. Madam Odil ta shige kicin ta zauna kusa da Mabruka, Faransancin ɗaya kaɗan ne, Larabcin ɗayar babu, amma daga tsakar gida ana jin su suna dariya, kuma Si Munji ya san da wa ake.

Shugaban Ulfa ma ya zo, ya ci ya ƙoshi, ya ja ta gefe. Ta dawo ta zauna kusa da mahaifinta tana ɓare lemo.

"Ya ce ba a samu hoton bugu ko ɗaya mai kyau ba. Amma akwai wanda aka ɗauka kuna tafiya kai da su kuna dariya, shi yake so a sa."

"Hular ta fito da kyau?"

"Ta fito. Kuma Madam Odil ta ce a riƙe musu mako biyu baɗi, za su zo da wasu daga wani gari." Ta miƙa masa ɓarin lemon. "Baba, don Allah, in an sake tambayarka ko kana hawan doki ko kana tuƙa jirgin ruwa, ka turo su wurina."

"Doki kam na taɓa hawa."

"Baba."

Suka tafi ranar Asabar da kwalaben man zaitun a cikin jakunkunan sandunansu, fatarsu ta yi ja. Si Munji ya tsaya har motar otal ta sha kwana, ya dawo gida ya yi barcin rana mai nauyi.

Ranar Litinin Lazhar ya iso filin a makare, don a saninsa ba shi da ɗalibi. Ya tarar da mutum a wurin gwaji, ya zube kwandon ƙwallaye a gabansa, yana ta fama shi kaɗai.

"Ɗan kanti, baƙinka ai sun tafi. Me kuma kake nema a nan?"

"Kafaɗar nan ce. Ina jin da wuri nake juya ta."

Lazhar ya ajiye kofin da ke hannunsa a kan benci, ya zagayo bayansa ya tsaya yana kallo. Si Munji ya buga, ƙwallon ya karkata dama ya nufi itatuwa.

"Ba kafaɗa ba ce, ƙafa ce. Matso da ta hagu. A'a, ta hagu na ce, ba wadda kake taka birki da ita ba. Yauwa. To, a hankali."